Montecristo No. 4: Abin da ke Cikin Naɗin

Montecristo No. 4 sigarin ganye ne na ƙasar Kyuba. Babu takarda a naɗinsa, ganyen taba ne zalla aka naɗe da hannu. Tun 1935 ake yin Montecristo a Habana, babban birnin ƙasar, kuma lamba huɗu na cikin waɗanda suka fi tafiya a kasuwa. Tsawonsa milimita 129, kaurinsa 42 a awon masu sana'ar, wato kashi 42 cikin 64 na inci.

Ganye iri biyar ke cikinsa, daga gonakin Vuelta Abajo a lardin Pinar del Río. Uku su ne kayan ciki. Ligero na saman tsiro ne, ya sha rana, shi ke ba da ƙarfi, kuma wuta ba ta saurin cin sa, shi ya sa ake sa shi can tsakiya. Seco ke kawo ƙamshi. Volado na ƙasan tsiro ba shi da wani ɗanɗano, aikinsa riƙe wuta. Mai naɗi zai haɗa su, ya ɗaure da ganye na huɗu, capote, ya matse cikin mazubin katako kamar rabin awa. Sannan a yafa masa riga, capa, ganye mai santsi da aka rena a inuwar yadi. A ƙarshe a liƙa masa hula a kai da ƙaro marar ɗanɗano.

Idan naɗi ya yi kyau, hayaƙinsa na da ƙamshin koko da gahawa da itace, toka ta tsaya tsaf ba ta zuba. Sai dai aibinsa sananne ne: ana yin sa da yawa, hannu kuma ba ɗaya ba. A akwati mai 25 akan tarar da wanda aka cusa wa ganye har zuƙa ta gagara. Matsa shi a hankali daga kai zuwa gindi kafin ka saya. In ka ji wani wuri ya yi tauri kamar ƙulli, ajiye shi. In kuma an kunna shi gefe ɗaya ya riga ɗaya cin wuta, sau da yawa ligero ne ya goce daga tsakiya.

Wajen yanka kansa kafin a sha, milimita biyu zuwa uku sun isa. Ka zarce hular, rigar ta warware. Ajiya na son danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari da sanyin digiri 16 zuwa 18. Iskar hunturu tana tsaga rigar, zafin bazara kuma yana ƙyanƙyashe ƙwaron taba ya huhhuda ta.

Kada tsadarsa ta ruɗi kowa, taba ce, tana jawo sankarar baki da maƙogwaro ko ba a haɗiye hayaƙin ba.

Jabunsa ya yi yawa. Tsaga ɗaya da wuƙa ka duba: na gaske dogayen ganyaye ne daga kai har gindi, jabu kuwa galibi ɓarɓashi ne.