Zane a ƙasa ko lissafin kwamfuta?

Ana ta tambayata, in za a zauna da manoma da makiyaya kan fadama, wanne ya fi? Zane a ƙasa dai ba ko kwabo, a gindin bishiya a Argungu dattijo zai ja layi da sanda ya ce nan burtali yake, nan ruwa ke kwanciya a Agusta, kowa ya sa baki, sai dai gobe iska ta shafe. Kwamfuta akwai kuɗi da caji, amma tana nuna ruwan da zai rage in kowa ya kafa injin ban ruwa. Tsorona mai laftof ya yanke hukunci shi kaɗai.

Ƙauye ɗaya mai rikicin iyaka, zane ya ishe su. Garuruwan da ke shan gulbi ɗaya, kwamfuta ta fi dacewa da su.