Yaya, ka biya direba kuɗin jiransa

Yaya, bayan gaisuwa, da fatan su Inna da yara suna lafiya. Ka tambaye ni yadda za ka riƙa sallamar direban da ka ɗora a kan kantarka, motar kaya mai jigila tsakanin Kakuri da Zariya: a kan sawu ko albashin wata? Na ga gara in amsa a fili, don na san ba kai kaɗai ke da wannan tambayar ba.

Shekarata uku ke nan ina jan kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Hamburg, nan Jamus, zuwa rumbunan kaya na kewaye. Gajeren zango ne irin wanda na yi a gida, kuma kullum a ɗakina nake kwana. Sai dai a nan awa ake ƙirgawa, ba sawu ba. Doka ta yanke mafi ƙarancin ladan awa ɗaya, Yuro 12.82 a 2025, ya koma 13.90 daga Janairun 2026. Da na zura katina cikin na'urar takogiraf da safe, ta fara rubuta komai: tuƙi, lodi, tsayuwa, hutu. Ba a yarda in wuce awa 9 ina tuƙi a rana ba, sai sau biyu a mako da za a iya kai 10, kuma bayan awa huɗu da rabi dole in huta minti 45. Idan aka shanya mota a bakin rumbu fiye da ƙima, kamfaninmu na da haƙƙin cajin mai kaya kuɗin tsayuwa. Ni kuwa ladana yana tafiya.

Ka tuna lokacin da nake jan motar wani bawan Allah a Kudenda? Akwai ranar da na shiga layin lodi bayan sallar asuba, ba a kira ni ba sai da aka yi la'asar. A ƙarƙashin mota muka shimfiɗa kwali ni da yarona, muka ci rogo da ƙuli, ƙarfen ƙofa ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa. Na kai kaya Zariya da dare, 'yan dako sun tashi, na kwana a kujera. Washegari mai mota ya ƙirga min sawu ɗaya. Bai cuce ni a lissafinsa ba, lissafin ne bai san da jira ba. Har yau idan na tuna raina yana sosuwa.

Nan ne matsalar gajeren zango take. Mai zuwa Legas, jiran wuni ɗaya yana narkewa cikin doguwar tafiya. Kaduna zuwa Zariya kuwa kilomita 80 ne ko kusa da haka, tuƙin bai taka kara ya karya ba. Lodi da sauke kaya su ne aikin. In ka biya tafiya kaɗai, ka biya ɗan guntun wuninsa ne. To me zai yi? Zai taka mota don ya ƙara sawu, ya haɗiye ƙwaya don kada barci ya ɗauke shi, wani ma ya tsiyaye man gas ya sayar a hanya. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta hana a ɗaura ladan direba a kan nisan tafiya ko yawan kaya, muddin hakan zai jefa mutane cikin haɗari.

Kada ka ɗauka komai na nan ya fi namu. Haraji da inshorar lafiya da fansho ana cire su tun kafin kuɗi ya iso hannu, haya ta kwashe kaso mai tsoka. Attaruhu ɗan cikin tafin hannu a shagon 'yan Afirka, kuɗinsa sai ka yi salati. Ranar da tayata ta yi faci babu mai faci a gefen titi, sai da na yi waya na zauna jiran motar gyara. Wallahi na yi kewar mutanen Panteka, waɗanda za su ƙera maka abin da ya karye kana tsaye.

Ga shawarata. Ka yanka masa albashi tsayayye wanda bai gaza Naira 72,000 da gwamnatin Kaduna ta amince da shi a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba, ko da mota ta kwana a gareji. Ka ɗora masa wani abu a kan kowane sawu. Jiran da ya wuce awa biyu, ka sa shi cikin cinikinka da mai kaya tun kafin a yi lodi. Zai yi ƙorafi da farko, amma za ka ga ya fara sallamar motarka da wuri. Yaron mota kuma ka ware masa nasa, kada ya dogara da abin da direba ya ga dama.

Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a motar, ya riƙa rubuta lokacin shiga layi da na fita. Bayan wata ɗaya ka ɗauki hotonsa ka turo min ta WhatsApp mu yi lissafin tare. A gaida Inna, a ce mata saƙon daddawa ya iso.