Wane bitamin D za ka saya bayan tiyatar rage ƙiba?

Wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba a Indiya, Turkiyya, Masar, ko nan gida a Legas da Abuja, yakan bar asibiti da ledar magungunan 'yan watanni. Rikicin yana farawa ranar da ledar ta ƙare, ya shiga kemis ya ce a ba shi bitamin D, aka jera masa kwalabe biyar masu suna iri ɗaya da farashi daban-daban. Cikin biyar ɗin wataƙila ɗaya ce ta dace da hanjin da aka yi wa aiki, kuma akwai wadda za ta iya kwantar da shi a asibiti.

Dalilin da ya sa zaɓin ya fi na sauran mutane wuya shi ne bitamin D a maiƙo yake narkewa, kuma hanji ba ya tsotsar sa sosai sai ya gauraya da kitsen abinci da ruwan matsarmama. A tiyatar baifas an tsallake farkon ƙaramin hanji, abinci da ruwan matsarmama ba sa haɗuwa sai can ƙasa, wurin da aka tsallake kuwa nan ne jiki ya fi ɗaukar kalsiyam. A tiyatar silif ba a taɓa hanji ba, amma tumbi ya tsuke, asid ya ragu, abincin da ake ci ya zama ɗan kaɗan. Waɗanda aka tsallake musu mafi yawan hanji, irin su tiyatar SADI, nasu ya fi tsanani. Ga shi da yawa tun kafin tiyatar ma jininsu ba shi da isasshen bitamin ɗin, domin kitsen jiki yana riƙe shi. Kada kuma a ruɗu da zafin ranarmu. Baƙar fata tana jinkirta samar da shi, wanda kuma yake yini a ofis ko a cikin gida, ko yake fita a lulluɓe, ranar Sakkwato ma ba za ta wadatar da shi ba.

Alamunsa a hankali suke shigowa: ciwon ƙugu da baya, nauyin cinyoyi, mutum sai ya dafa ƙasa ko bango kafin ya miƙe daga zaman tahiya. Sau da yawa sai an sha maganin maleriya da na taifot an gaji kafin a tuna da tiyatar.

Kafin ka fitar da ko kwabo, yi gwajin jini, kuma ka tabbata an rubuta 25(OH)D a takardar, shi ne ke auna rumbun bitamin D da jiki ya tara. Akwai wani gwajin mai kama da shi, 1,25(OH)2D, wanda ya fi tsada kuma yakan fito lafiya lau alhali rumbun ya ƙare. Abin da ake nema bayan tiyata shi ne 30 ng/mL zuwa sama. Idan ɗakin gwajin da nmol/L yake aiki, 75 ke nan, domin ninkawa ake yi da 2.5. A haɗa da gwajin kalsiyam da na PTH, sinadarin jiki mai daidaita kalsiyam a jini. PTH ne mai tona asiri, don idan ya hau, jiki ya fara kwasar kalsiyam daga ƙashi ke nan ko da kalsiyam ɗin jini ya nuna daidai. Ƙungiyar likitocin wannan tiyata ta Amurka, ASMBS, a ƙa'idojinta na 2016, ta ce a sha 3,000 IU (ma'aunin ƙarfin bitamin ke nan) kullum har jini ya haura 30, idan kuma akwai ƙaranci a sha D3 daga 3,000 zuwa 6,000 IU kullum, ko wani nau'insa, D2, mai 50,000 IU sau ɗaya zuwa sau uku a mako. Ta Birtaniya, BOMSS, tana farawa da 2,000 zuwa 4,000 IU. Waɗannan wurin farawa ne, likitanka ne zai daidaita maka da sakamakon jininka.

Zaɓina shi ne busasshen D3, wanda aka yi shi gari aka zuba a kafso mai bawon tsiro ko aka matse shi ƙaramar ƙwaya, mai ƙarfin 2,000 ko 5,000 IU, a sha kullum. A jikin kwalba za ka ga an rubuta cholecalciferol, kuma a jerin kayan haɗi ba za ka ga man waken suya ko man zaitun ba. Wasu kamfanonin sukan ƙara cewa yana gauraya da ruwa. An sarrafa irin wannan ne ta yadda bai dogara kacokan da maiƙon da ke tare da shi ba, shi ya sa ake fifita shi ga masu baifas da SADI, da duk wanda bayan gidansa ke fita da maiƙo yana yawo a saman ruwa. Mai silif yakan samu biyan buƙata da kafso mai ruwan mai ma, amma sauran dalilan sun shafi kowa.

Zafi ne na farko. Kafso mai laushi mai ruwan mai a ciki an yi shi ne don a ajiye shi ƙasa da digiri 25 ko 30, mu kuwa a watan Afrilu kantin da ba wuta ciki yakan haura 40. Ka girgiza kwalbar kafin ka biya. Idan ba ka ji ƙarar ƙwayoyi ba, sun manne sun zama dunƙule ɗaya, wasu sun fashe man ya tsiyaye a gindin kwalba yana warin tsohon mai, kuma babu mai iya gaya maka nawa ya rage a kowace ƙwaya. Busasshe ma zafi da haske suna rage masa ƙarfi, amma ba ya narkewa ba ya tsiyaya, musamman wanda aka jera a fale-falen azurfa kowace ƙwaya da gurbinta. Na biyu bawon kafso. Mai laushi da jelatin ake yin sa, kuma yawancin kwalaben da ake shigowa da su daga Amurka da Turai ba sa faɗin daga wace dabba ya fito, alade kuwa yana cikin manyan hanyoyin samun sa. D3 ɗin kansa daga maiƙon ulun tumaki ake yawan ciro shi, ba matsala a nan, bawon ne abin dubawa. Nemi wanda aka rubuta HPMC ko cellulose, wato bawon tsiro, ko mai tambarin halal. Na uku, a watannin farko da ba a son haɗiye manyan ƙwayoyi, ana iya buɗe busasshen kafso a zazzage garin a cokalin kindirmo marar sukari. Na huɗu, kuskure a kansa ba shi da tsada. Wanda ya manta ya sha 5,000 sau biyu a yini bai yi wa kansa illa ba, wanda ya tsallake yini ɗaya ma haka. Kuma lissafi yana sauƙi: idan haɗaɗɗen bitamin ɗinka yana da 1,000 IU, ƙwaya ɗaya mai 2,000 ta cika 3,000. Duk da haka a sha shi tare da abincin da ya fi maiƙo a yini, ko ƙwai ne, ko kifi, ko ɗan gyaɗa. A watan azumi, ga wanda likita ya yarje masa, bayan buɗa baki ne lokacinsa.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. D2 mai 50,000 IU, wanda ake rubuta ergocalciferol, yana aiki, amma ba ya ɗaga jini kamar D3 kuma ya fi saurin sauka, sai dai idan shi kaɗai aka samu. D3 mai 50,000, da 'yar sacet ta Indiya mai 60,000, da 'yar kwalbar gilashi ta Faransa mai 100,000 UI (wato IU) da ake samu a Nijar da Kamaru, duk suna da amfani don cike gurbi na makonni takwas zuwa goma sha biyu bisa rubutun likita. Matsalarsu mutane sukan ɗauka na kullum ne, ita kuma ta Faransa ta sha ce, ba ta allura ba, duk da kamar da take yi. Na ɗigawa a baki ya yi kyau a makonnin farko, sai dai wani ɗigo ɗaya 400 IU ne, wani 1,000, wani 2,000, don haka a karanta. Mai kama da alawa ka bar wa yara, sukarinsa yakan tayar wa mai baifas jiri da zufa da gudawa. Na liƙawa a fata ɓarnar kuɗi ne. Man hantar kifi ƙaramin cokali ɗaya bai wuce 400 zuwa 500 IU ba, kafin ka kai abin da kake buƙata ka cika jikinka da bitamin A, wanda ke da haɗari ga mai juna biyu. Haɗaɗɗen bitamin na kowa da kowa yawanci 400 zuwa 1,000 IU ne, bai isa ba shi kaɗai. Na musamman da ake yi wa masu wannan tiyata yakan kai 3,000, yana da kyau ga mai hali, amma idan jini ya riga ya faɗi sai an ƙara masa.

Allura tana da wurinta: wanda ya sha manyan adadi da gaskiya, aka sake gwaji jini bai motsa ba. Amma 300,000 ko 600,000 IU da ya shiga tsoka ba a iya janye shi, watanni zai yi yana aiki. A Kashmir ta Indiya an rubuta labarin mutanen da aka riƙa maimaita wa irin wannan allura saboda ciwon jiki har kalsiyam ya hau ƙodarsu ta taɓu. Wani bincike da aka buga a 2010 kan tsofaffin mata a Ostireliya ya nuna waɗanda aka ba 500,000 IU sau ɗaya a shekara sun fi faɗuwa da karaya. Babban adadi lokaci guda ba gwaninta ba ne.

Bitamin D ba tare da kalsiyam ba kamar a ɗauko magini ne babu bulo. Mai silif ko baifas yana buƙatar 1,200 zuwa 1,500 mg a yini, har da wanda ke cikin abinci, waɗanda aka tsallake musu hanji mai yawa kuma 1,800 zuwa 2,400. Sayi calcium citrate. Wanda ya cika kemis, calcium carbonate, sai da asid yake narkewa, kai kuwa asid ya ragu, ga omeprazole, maganin rage asid, da aka ɗora ka a kai. A raba shi 500 zuwa 600 mg a kowane sha, kuma a bar tazarar awa biyu tsakaninsa da maganin ƙarin jini, domin suna hana juna shiga. Ɗan bitamin D da ke cikin ƙwayar kalsiyam, 200 ko 400 IU, a lissafa shi amma kada a dogara da shi.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Mafi haɗari ba jabu ba ne, musanya ce. Mai kemis ya duba bai ga abin da ka nema ba, sai ya miƙo alfacalcidol ko calcitriol ya ce ai shi ma bitamin D ne, har ya fi ƙarfi. Waɗannan magunguna ne da aka riga aka kunna, ana ba masu ciwon ƙoda da wasu 'yan kaɗan a ƙarƙashin kulawar likita. Ba sa cika rumbun da gwajin 25(OH)D ke aunawa, sai sakamako ya yi ta fitowa ƙasa, mutum ya yi ta ƙara sha, kalsiyam na hawa a ɓoye. Gane su ba wuya: ƙarfinsu 0.25, 0.5 ko 1 mcg ne. D3 na gaskiya 25 mcg shi ne 1,000 IU, 125 mcg shi ne 5,000, 1.25 mg kuma 50,000. Ka ga 0.25, ajiye.

Sai dabarun rubutu. A gaban kwalba an buga 5,000 IU da manyan haruffa, a baya da ƙanana an ce wannan adadin ƙwaya biyu ne ko uku. A kalsiyam abin ya fi muni, don citrate kashi 21 cikin ɗari ne kawai kalsiyam, ƙwayar da aka rubuta mata 1,000 mg tana iya zama 210 mg ce a zahiri. Nemi layin da ya faɗi kalsiyam zalla. Idan za ka kwatanta farashi, raba kuɗin kwalba da yawan kwanakin da za ta yi maka a adadin da likita ya rubuta, nan za ka ga mai arahar ta fi tsada.

Jabu kuma ya samu kasuwa tun da kwalaben Amurka suka yi farin jini a Instagram da WhatsApp. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta tantance irin waɗannan kayan kafin su shiga kasuwa kamar yadda take yi wa magani, har wani gwaji da aka buga a can a 2013 ya samu ƙwayoyin da ba su kai rabin abin da aka rubuta ba, wasu kuma sun zarce. To wannan a na asalin ke nan, balle kwaikwayo. Tambarin USP ko NSF yana nuna wani na daban ya auna, amma tambari ma ana buga shi. Duba rufin takardar azurfa da ke ƙarƙashin murfi, ya kasance a manne ko'ina ba alamar gam. Lambar rukuni da ranar lalacewa su kasance bugu a jikin kwalbar, ba sitika da aka liƙa a kan wata ba, kuma su zo ɗaya da na kwali. Ƙwayoyin su zama girma ɗaya, launi ɗaya. A Najeriya a nemi lambar NAFDAC sannan a bincika ta a shafin Greenbook na hukumar a ga ko sunan da ya fito shi ne na hannunka, domin ana aron lambar wani kaya a buga. Kada ka yarda a ƙirga maka ƙwayoyi a farar leda ba kwali. Wanda ke tallan wai nasa 100,000 IU ne na gargajiya marar illa, ko mai haɗa maka da maganin ƙarin rama, toshe lambarsa kawai.

Gwajin ƙarshe na kowace kwalba jininka ne. Bayan wata uku kana sha ba fashi, maimaita 25(OH)D da kalsiyam da PTH, a ɗakin gwaji ɗaya in da hali. Idan bai tashi ba, ko dai kayan ba na ƙwarai ba ne, ko hanjin na buƙatar ƙari, ko wani magani na cinye shi, irin su rifampicin na tarin fuka da phenytoin ko carbamazepine na farfaɗiya. Idan ya haura 30, likita zai sauke ka zuwa adadin riƙo, ba a dainawa, sannan gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara da hoton ƙarfin ƙashi na DXA wajen shekara biyu bayan tiyata. Mai ciwon ƙoda ko tsakuwar ƙoda, mai juna biyu, da mai shan maganin hawan jini irin hydrochlorothiazide, kada su ƙara adadi da kansu. Duk wanda ya fara jin ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari, taurin bayan gida, tashin zuciya ko ruɗewa, ya dakatar da bitamin D da kalsiyam ɗin, ya je a auna masa kalsiyam a ranar.