Jan tankin fetur mai lita 23: ya riƙe tururi, ya tura wa injin

Wata huɗu ke nan da sayen wannan jan tankin roba, wanda aka rubuta galan 6 a jikinsa, wato kusan lita 23. Yana aiki da injin kwale-kwale mai ƙarfin doki 15, mai kafireta, irin wanda ba a gauraya masa baƙin mai da fetur. A sati na biyu ya yi abin da ya kusa sa in jefar da shi.

An cika shi da sanyin safiya, ya zauna cikin kwale-kwale a rana wajen awa uku, tiyonsa na jone da injin. Da azahar ya kumbura ya zama kamar tulu. Ƙasansa ya turo har ba ya zama daidai, sai lilo yake idan an taɓa shi. Ɗan famfon roba da ke tsakiyar tiyo, wanda ake matsawa don jawo mai, ya yi tauri kamar dutse alhali ba wanda ya matsa shi. Fetur na ɗiga daga ƙarƙashin murfin injin, yana zana bakan gizo a kan ruwa. Injin ya ƙi tashi, fulogi duka biyu sun jiƙe sharkaf, kuma da aka zaro sandar awon baƙin mai ya haura layin sama yana warin fetur. Sai da aka zubar da baƙin man gaba ɗaya aka sa sabo. Sabon tanki fa, ko ƙura bai gama yi ba.

Na fara zargin murfin ya toshe. Ashe lafiyarsa ƙalau, haka aka ƙera shi. Tsofaffin tankuna suna da ɗan sukuru a saman murfi: ka kwance shi, iska ta shiga, tururi ya fita, ciki da waje matsi ɗaya. Daga 1 ga Janairun 2011 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta hana irin wannan numfashin a sababbin tankunan da ake sayarwa a can, saboda tururin fetur da ke tashi sama. Dokar ta ce tanki ya riƙe tururinsa har matsi ya kai psi 5 (psi ma'aunin matsi ne, irin wanda ake auna iskar taya da shi), kimanin kilopaskal 34, kafin ya saki. Shi ya sa murfin yanzu ke da bawul iri biyu a ciki. Ɗaya na buɗewa zuwa ciki da zarar injin ya zuƙi mai, iska ta maye gurbinsa. Ɗayan kuma sifirin ne ke danne da shi, ba ya ɗagawa sai matsi ya haura psi 5, sannan ka ji wani ɗan tsaki, ya sake rufewa. Wannan tankin yana da sukurun a sama kamar na da, kuma nan ne yaudarar take: ko ka kwance shi har ƙarshe, hanyar shigar iska kawai ka buɗe. Tururi ba ya bi ta nan.

Psi 5 ba ya cika baki, tunda tayar keke ma ta ninka shi sau da yawa. Amma a lissafa. Psi 5 daidai yake da kimanin kilo 0.35 a kan kowace santimita murabba'i. Saman tanki mai tsawon santimita 40 da faɗin 30 yana da santimita murabba'i 1,200, ke nan nauyin da ya haura kilo 400 ne ke tura shi daga ciki. Roba ba ta da zaɓi sai ta miƙe. Kuma tara wannan matsin ba wuya. Idan tanki ya tashi daga digiri 25 zuwa 45, iskar da ke ciki kaɗai za ta ƙara kusan psi 1, ragowar kuma daga tururin fetur ne, wanda ke ƙaruwa da sauri idan zafi ya hau. Shi kansa man yana faɗaɗa da kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri, don haka lita 20 za ta ƙaru da kusan lita 0.4. Wanda ya cika tanki har wuya ya rage wa iskar wurin matsewa, matsin ya fi saurin hawa, kuma idan bawul ya ɗaga, ruwan fetur zai tofo maimakon tururi.

To, a nan dole in yi wa tankin adalci. Ya kumbura sau ba adadi tun daga ranar, bai tsage ba, bai yi gumi a ɗinki ba, kuma da yamma yana komawa siffarsa, ko da yake ƙasan bai taɓa komawa shafe sosai ba. Wari ya ragu ƙwarai. Tsohon tanki idan ya kwana a rufaffen wuri, da safe hanci ne ke fara gaya maka yana nan. Wannan kuwa shiru, saboda robarsa hawa-hawa ce, da wani sashe a tsakiya mai hana tururi ratsawa. Man da ya yi wata a ciki yana tayar da injin da ja ɗaya ko biyu, domin sassan fetur masu saurin tashi, waɗanda injin mai sanyi ya fi buƙata, ba su gudu ba. Kuma tunda ba ya shaƙar iska yana fitarwa dare da rana, laima ba ta samun hanyar taruwa a ciki, abin da ke da muhimmanci ga fetur mai gaurayen etanol, wanda ke jan ruwa.

Sai dai matsin da murfi ya hana fita yana neman wata ƙofa, kuma ƙofar da ta rage ita ce tiyo. Bututun ɗaukar mai yana nutse a ƙasan tanki, saboda haka abin da matsin ke turawa ruwan fetur ne tsantsa. Ya bi ta famfon roba, wanda bawul ɗinsa ke buɗewa ta wannan ɓangaren da ma, ya ratsa famfon mai na injin, ya je ya tsaya a kan allurar da ke rufe mai a cikin kafireta. Idan allurar ta ɗan ci, ko wani ɗan datti ya maƙale a mazauninta, ko an ɗaga injin ya karkace, shi ke nan, mai ya malala. Wani ya zubo waje, wani ya gangara cikin silinda ya sulale ta gefen fistin zuwa cikin baƙin mai.

Maganinsa ɗan ƙaramin abu ne da bai kai tsawon yatsa biyu ba: bawul da ake sa wa a tiyo, wanda ba ya barin mai ya wuce sai an zuƙo shi daga ɓangaren injin. Matsi daga tanki ba ya buɗe shi. Ana yanka tiyo tsakanin tanki da famfon roba, a sa shi kibiyarsa na kallon injin, a ɗaure kowane gefe da kilif. A duba faɗin tiyo kafin saye, don akwai mai milimita 8 akwai mai 9.5, kuma ƙaramin baki a babban tiyo iska zai riƙa ja. Idan aka sa shi bayan famfon, famfon zai ci gaba da zama cikin matsi a rana. Tun da na ɗaura shi ɗigo ɗaya bai sake fita daga injin ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ba a haɗo shi cikin kwalin ba, kuma takardar da ta zo da tankin ba ta ambace shi da harafin da ido zai gani ba. An canza yadda tanki ke numfashi, an bar mai tsohon injin ya gano sauran da kuɗin baƙin mansa.

Buɗe murfin ma sai da koyo. Ana juya shi hagu har ya tsaya a kan wani ɗan harshen roba, a danna harshen, a ƙara kwata ɗaya na juyi, a tsaya. Za ka ji huci na daƙiƙa biyar ko goma. Sai ya yi shiru a sake dannawa a cire. Kar a sunkuya da fuska a kai, kar a yi shi kusa da batir ko wuta, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasan kwale-kwale yake kwanciya. Wajen rufewa a juya dama har a ji ƙas. Da jiƙaƙƙen hannu harshen nan azaba ne, sai an sa hannu biyu.

Kishiyar matsalar kuma ba ta ɓace ba. A manta sukurun a ɗaure a kama hanya, bayan 'yan mintoci injin zai fara shaƙewa ya mutu, famfon roba ya shafe, gefen tanki ya lotsa ciki. Kwance shi za ka ji ya ja numfashi. Akwai masu huda murfin da ƙusa don su huta da duka biyun. Ban ga hikimar ba: ruwan sama da feshin igiyar ruwa za su shiga, fetur ya zube duk lokacin da tanki ya karkata.

Da na ce mun shirya da shi, sai mahaɗar tiyo ta tuna mini. Idan tanki na da matsi ka zo jona tiyo a jikin tankin, a daidai lokacin da ƙarfen ya danna ɗan ƙwallon da ke ciki, kafin zoben roba ya kama, fetur na fesowa kan hannu da riga. Cirewa ma haka. Dole a fara sauke matsin ta murfi kafin a taɓa mahaɗar, kowane lokaci, ko da tsayawar ta minti talatin ce. Gejin mai shi ma ba abin dogaro ba ne idan tankin ya kumbura, tunda ƙasan ya turo man ya bazu, sai ya nuna ƙasa da abin da ke ciki.

Yanzu lita 20 nake zuba masa, ba na wuce layin da ke jikinsa, kuma a ƙasa ake cika shi, a wajen kwale-kwalen. A cikin jirgi yana ɗaure da igiya mai ɗan sassauci don ya sami wurin kumbura, da farin buhu a kansa wanda bai rufe murfin ba. A inuwar buhun nan da ƙyar yake kaiwa ga yin tsakin.