Kiri-kiri, kafet ko irin kwali: me za ka saya idan ciyawar gidanka ta yi sanƙo?

Ciyawar ado a farfajiyar gida, a Abuja take ko Kaduna ko Kano, da wuya ta ƙetare rani biyu ba ta yi sanƙo ba. Hunturu ya busar da ita, bazara ta ƙona, yara da tayoyin mota su ƙarasa abin da ya rage. Gyaran da ya fi sauƙin kuɗi shi ne a yi ƙari a kan wadda ke nan, ba sai an tuge ta an sake sabon lale ba. Amma kafin ka fitar da ko sisi, durƙusa ka duba wace ciyawa ce a gidanka. Ba kowacce ake sayen irinta ba, kuma a nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

Idan ganyenta siriri ne, tana yaɗo a sama da ƙarƙashin ƙasa, tana bushewa da rani ta farfaɗo da ruwan farko, to kiri-kiri ce. Masu furanni na bakin titi suna ce mata Bahama, a jikin ledar iri kuma Bermuda za ka gani. Ita ce ciyawar da sayen irinta ke biyan kuɗin sabulu. Tana jure rana, tana jure taku, kuma irinta ƙanana ne ƙwarai, kilo ɗaya ya haura ƙwaya miliyan uku. Saboda haka giram 5 ya ishi murabba'in mita ɗaya wajen ƙari, wato kilo ɗaya zai wadatar da fili mai murabba'in mita 200. Sharaɗinta ɗaya ne: rana, aƙalla awa shida kullum. Ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya, ko buhu ka zuba ba za ta yi kauri ba.

Irin kiri-kirin kansa kala uku ne a kasuwa. Akwai wanda aka cire wa ɓawo, yana tsira cikin kwana 7 zuwa 14, shi nake ba da shawara ga mai rijiyar burtsatse ko mai shuka a cikin damina. Akwai mai ɓawo, wanda ke jinkirin fitowa amma yana iya zama a ƙasa ya jira ruwa. Sai mai rufi, wanda aka lulluɓe da wani gari mai launi. Yana da daɗin yayyafawa, kana ganin inda ya faɗi, sai dai sau da yawa rabin nauyin ledar rufin ne. Kilo ɗaya nasa rabin kilo ne na iri, don haka idan farashinsu ya zo ɗaya da marar rufi, ninki biyu ka biya.

Wata kiri-kirin kuma ba ta da iri sam. Ita ce mai laushin nan da ake gani a filayen ƙwallo da na golf, kamar Tifway da aka fitar a garin Tifton na jihar Jojiya a Amurka a 1960. Haɗin aure ce, ba ta yin ƙwaya mai tsira. Wanda ya zuba irin kiri-kiri na gama-gari a kanta zai samu fili mai launi biyu da kaushi biyu, kuma raba su daga baya aiki ne ja.

Idan ganyen faffaɗa ne mai sheƙi, yana kwance a ƙasa, to kafet ce. Tana son laima, tana haƙuri da inuwa, shi ya sa ta fi kyau a Abuja da kudancin Kaduna fiye da Katsina ko Maraɗi, inda sai da ban ruwa mai yawa take rayuwa. Ita da ƙanwarta mai kaurin ganye, San Agustin, da dashe ake ƙara su. Haka ma ciyawar Koriya mai tsinin ganye: tana da iri, amma yana ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin ya leƙo, ga jinkirin yaɗuwa, kafin ya rufe sanƙon aya-aya ta riga shi. A kan waɗannan, sayi faifan ciyawa daga masu furanni, ka yayyanka shi ƙanana, ka dasa da tazarar taƙi ɗaya. Ko ka yanko daga gefen filinka inda ta yi yawa, wannan kyauta ne, kuma tabbas launin zai dace. Ciyawar Fatakwal ma da dashe ake yinta, tana da juriya, amma ƙwayarta mai tsini na maƙalewa a tufafi, mai ƙananan yara ya yi tunani.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. A manyan kantuna da kasuwannin intanet ana sayar da iri cikin kwali mai hoton fili kore shar, an shigo da shi daga Turai. Juya kwalin ka karanta. Idan ka ga ryegrass ko fescue ko bluegrass, mayar da shi inda ka ɗauko. Ciyayin ƙasashen sanyi ne. Za su burge ka da farko, domin ryegrass kan tsira cikin mako guda, ya yi kore a Disamba da Janairu. Da zarar zafin Maris da Afrilu ya doshi digiri 40, sai ya mutu, bayan ya gama tauye ciyawarka ta asali da shanye mata ruwa da taki. A kudancin Amurka da gangan ake zuba shi a kan kiri-kiri don fili ya yi kore lokacin sanyi, an san zai mutu. Mu kauri muke nema mai ɗorewa, wannan ba namu ba ne.

Ko irin daidai ne, duba ranar da aka gwada shi a jikin leda. Irin da ya shekara yana shan zafi a shago ya rasa ƙarfi. Idan a buɗe ake aunawa, sayi kaɗan tukuna, ka barbaɗa a jiƙaƙƙen tsumma, ka riƙa yayyafa masa ruwa mako biyu. In bai kai rabi ya tsira ba, nemi wani shagon.

Lokacin shuka ma yana cikin lissafin saye. Jira damina ta zauna: Mayu a Abuja, ƙarshen Yuni a Kano, Yuli a Yamai da Damagaram. Kada ka kai marka, ruwan Agusta zai kwashe irin ya kai kwata. Sanyin daren hunturu kuma yana hana kiri-kiri tsira da wuri. Ka aske tsohuwar ciyawar ƙasa-ƙasa, ka karce da manjagara har ƙasa ta bayyana, ka gauraya irin da busasshen yashi don ya bazu daidai. Rufe shi da ƙasa kaɗan, kaurin da bai kai rabin santimita ba, in ba haka ba tururuwa za ta kwashe na sama, na ƙasa kuma ya ruɓe. Ranar da ba a yi ruwa ba, a jiƙa sau biyu ko uku, sama-sama.

Taki kuwa, NPK 15-15-15 kaɗan ya isa bayan mako uku ko huɗu. Yuriya ta jira sai an yi yanka biyu, domin tana ƙona jaririn tsiro. Idan na gargajiya za ka saya, zaɓi ruɓaɓɓen kashin kaji, domin ɗanyen kashin shanu yana zuwa da irin ciyayin daji, ga kuma jawo gara.