Ɗan majigin nan da ake haɗawa da waya: abin da ya yi mini ranar wasan ƙarshe

Duk wanda ya shigo gidana ya ga ɗan majigin nan a kan teburi sai ya tambaye ni, "Malam, yana da kyau? In saya?" Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya in huta.

Irin wanda ake ta talla a Instagram da Facebook ne, ɗan akwati baƙi da bai fi kwalin sukari biyu girma ba, mai batir a ciki. Kun san su, kun kuma san kuɗinsu. Na saya a watan Janairun 2024, lokacin da dala ke hawa kullum, mai sayarwar ya ce in ban tura yau ba gobe wani farashi ne. Na tura. Bayan kwana uku aka kira ni daga tasha in je in karɓa. Ta wannan fannin dai ba ni da ƙorafi, kaya ya iso lafiya, kwalinsa ko lotsawa bai yi ba.

Abin da ya sa na saya shi ne talabijin ɗinmu ya ƙone wata rana da aka kawo wuta mai ƙarfi, kuma kuɗin sabo ya gagare ni. Tun daga nan gidan ya watse ba tare da kowa ya fita ba. Bayan sallar isha uwargida tana ɗaki da wayarta tana bin fim mai dogon zango a YouTube, yara uku sun ɗora haɓa a kafaɗarta suna faɗa a kan wanda ya tare wa wani, ni ina zaure ina latse-latse, Baba kuma yana kan buzunsa da rediyo a kunne. Sai ka yi sallama sau biyu kafin wani ya amsa.

A jikin kwalin an rubuta 4K da manyan haruffa, wato hoto tar-tar mai tsananin kyau, an rubuta batir awa 4, an rubuta allo inci 120. Ku riƙe waɗannan ukun, za mu dawo kansu.

Daren farko kam ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Na ɗaure farin zanin gado a bangon tsakar gida, na ɗora majigin a kan turmi da na kifa, na haɗa shi da waya. Hoto ya fito ƙato, fuskar mutum ta kai faifai biyu. Yara suka yi ta tsalle suna sa hannu a gaban hasken don su ga inuwarsu. Abin da ban yi tsammani ba shi ne Baba. Ya kashe rediyonsa, ya jawo buzu, ya zauna ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ashe majigi ya dawo." Ya shiga ba mu labarin yadda suna yara motar gwamnati kan zo garinsu, sankira ya zaga da rana yana shela, da magariba a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna noman gyaɗa da auduga da tsaftar rijiya da allurar rigakafi, wani mutum yana tsaye da lasifika yana fassarawa, yana ƙara nasa gishirin. Ya ce har daga ƙauyuka ake tahowa a ƙafa. Shekarata arba'in da ɗoriya a gaban Baba ban taɓa jin wannan labarin ba. A daren na ce ko nawa na biya ban yi asara ba.

To, daɗin nan ne ya ja ni na yi abin da na yi nadama.

Ranar Lahadi 11 ga Fabrairu, wasan ƙarshe na kofin Afirka, Najeriya da Kwaddibuwa a Abijan. Kowa ya san yadda gari ya ɗauka. Mun ci su ɗaya da nema a wasan rukuni, mai tsaron gidanmu Nwabali ya tare fenareti biyu a wasan Afirka ta Kudu, mutane har sun fara lissafin kofi na huɗu. Ni kuma da bakina na bi maƙwabta ina cewa kada kowa ya je gidan kallo ya sha hayaƙin taba, ku zo ƙofar gidana, allo inci 120. Na ari tabarmi uku. Uwargida ta dafa shayi a babbar tukunya saboda sauran sanyi. Har surukina, wanda ya zo Kano ganin likita, aka kawo masa kujera. Mun kai mutum ashirin ban da yara. Babu wuta a unguwa, amma ban damu ba, tun azahar majigin yana wurin mai caji, ya cika taf. Awa 4 aka ce, wasa kuwa awa biyu ne.

Na kunna ƙarfe takwas da rabi, aka take wasa ƙarfe tara. Nan take na gane 4K ɗin nan a kwali kawai yake. Fim ɗin Hausa da mutum biyu ke zaune a falo suna magana ba ya tona asirinsa, amma ƙwallo ta tona. 'Yan wasa kamar tururuwa sanye da kore da ruwan lemo, lambar riga ba ta karantuwa, ƙwallon kanta in an buga ta da ƙarfi sai ta ɓace ta sake ɓullowa a wani wuri. Fankar cikinsa tana ƙara kamar injin markaɗe na nesa, lasifikarsa kuwa ba ta fi ta waya ba, sai da wani yaro ya ruga gida ya ɗauko tasa. Duk da haka aka yi haƙuri, ana ta raha, ana mitar an bar Ahmed Musa a benci.

Minti na 38 muna kallon ana shirin bugun kwana sai muka ji ihu ya tashi daga gidan kallon da ke bakin titi, har da buga kwano. Muka kalli juna. Sai da aka yi kusan rabin minti sannan Troost-Ekong ya tashi ya sa kai a bangonmu. Mun yi ihu, amma ihun wanda aka riga aka gaya wa ne. Wannan ba laifin majigin ba ne, haka kallo ta intanet yake, yana bayan na tauraron ɗan'adam, amma da mai talla ya faɗa da ban tara jama'a kusa da gidan kallo ba.

Bayan an dawo hutun rabin lokaci ne abin kunyar ya faru. Shi wannan majigi duk abin da ke kan fuskar wayarka shi yake ɗorawa a bango, bai san sirri ba. Ana tsakiyar wasa sai ga saƙo ya sauko daga sama, harafi kowanne kamar tafin hannu: mai shagon unguwarmu yana tuna mini cikon kuɗin shinkafa da man gyaɗa, wai gobe zai shiga kasuwa. Kafin in kai hannu, wani yaro ɗan aji uku da ke alfahari ya iya karatu ya karanta shi da ƙarfi tun daga "Salam Malam" har zuwa adadin kuɗin. Wuri ya yi tsit. Surukina ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa kamar bai ji ba. Wani dattijo ya ce, "Kai yaro, ƙwallo aka zo kallo." Na san akwai wurin da ake kashe shigowar saƙonni a waya, kuma ni ne ban kashe ba. Amma takardar bayanin da ke cikin kwalin rabi da rubutun Sin ne, rabi da wani Turanci da ko mai shi ba zai gane ba, babu inda ta yi gargaɗi. Wanda zai saya, don Allah ya fara da wannan.

Minti na 62 Kessié ya farke, shi ma da ka. Zufa ta fara karyo wa mutane a cikin sanyi. Can wajen minti na 75 sai na ga ɗan jan haske yana ƙiftawa a bayan majigin. Na ce a raina ai da sauran awa biyu. Ban rufe baki ba zanin gado ya koma zanin gado. Duhu. Awa biyu da 'yan mintoci ke nan daga kunnawa.

Maƙwabcina ya ruga ya jawo ɗan janaretonsa, ashe babu mai a ciki, wa yake ajiye fetur tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 lita ta haura naira 600? Matasa suka kwasa da gudu zuwa gidan kallo. Sauran mu, manya wajen goma sha biyu, muka dunƙule a kan wayata, kai a kan kai, daidai yadda yarana suke yi wa uwarsu. Muna haka muka ji wani irin nishi ya taso daga bakin titi, ba ihu ba, irin sautin da mutane kan yi in an faɗi rasuwa. Babu wanda ya yi magana. Muka jira rabin mintinmu, muka ga Haller ya ɗaga ƙafa ya taɓa ƙwallon da Adingra ya kawo masa, minti na 81. Mutumin da bai daɗe da tashi daga jinyar kansa ba, Allah ya ba shi ranarsa. Haka aka tashi 2 da 1. Aka watse ba wanda ya ƙarasa shayinsa, har yau kuma in na wuce majalisa akwai mai cewa, "Malam, yaya batir?"

Washegari na rubuta wa mai sayarwar. Ya ce awa 4 ɗin sai in an rage haske zuwa ƙarshe, an kashe sauti, kuma daga filashi ake kallo ba daga waya ba. Na ce to wannan ai kallon kurame a cikin duhu ne. Na nemi a canja mini, ya ce kaya in ya bar hannu ya bar hannu. Saƙo na uku bai shiga ba, ya rufe ni. Na ɗauki majigin na jefa a saman kwaba, na ce araha ba ta ado, ni na jawo wa kaina.

Ya yi wata takwas a can yana shan ƙura, in ban da 'yan kwanakin sallah da yara suka matsa. Sai ga Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace, muka yi fiye da mako guda ko ƙyaftawa babu. Masu manyan talabijin duk suka zama ɗaya da mu. Uwargida ce ta ce a sauko da shi. Na kai shi kasuwar waya ta Farm Centre wajen wani yaro mai gyara, ya buɗe ya hure ƙurar, ya haɗa mini wata 'yar waya da ke ba shi wuta daga babban fawabank. Shi ne ma ya gaya mini gaskiyar hotonsa: yana karɓar bidiyo mai inganci, amma abin da yake fitarwa bai wuce na tsohon faifan DVD ba, kuma kada in wuce taku biyar daga bango in ina son hoto ya yi kyau. Da na matso da shi kuwa sai ga hoto ya daidaita, inci 120 ta koma kamar 60. A waɗannan darare tsakar gidanmu ya cika da matan maƙwabta da 'ya'yansu, kowa da 'yar kujerarta, ana kallo ana musu a kan wace ce muguwa tsakanin uwar miji da kishiya. Baba ba ya gane rabin labarin, amma ba ya tashi sai an kashe. Na yafe wa majigin rabin laifinsa a wannan makon.

Rabi na ce. Don shi ma cin data gare shi kamar gara, saboda a bango dole ka ɗaga ingancin bidiyo, in ba haka ba fuskoki su zama kamar an shafa musu kunu. Da hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, sai na koma sauke fim da tsakar dare a kan garaɓasar dare, mu kalla washegari. Wasu manhajojin kallo na kuɗi kuma sam ba sa yarda a ɗora su a bango, sauti kawai za ka ji, allo baƙi ƙirin. Rimot ɗinsa sai ka tsaya a bayansa daidai kamar mai saita bindiga. Da rana kuwa kada ma ka wahalar da kanka, ko labule ka saki ba abin da za ka gani. Kuma duk lokacin da ake kallo wayarka ta zama ta jama'a, in aka kira ka fim ya tsaya, kowa ya juyo yana jiran ka gama.

Ga sabuwar matsala tun zafin bara: wani tabo ruwan ƙasa ya fito a gefen hagu na hoton, da farko kamar ƙwayar gero, yanzu ya kai girman ƙwai. Mai gyaran ya ce zafi ne ya fara ƙona gilashin ciki, canja shi kuma ya kusa kuɗin sabo. Ya ce in riƙa kashe shi bayan kowace awa ya huce. Autana ta sa wa tabon suna, wai baƙon fim, in jarumi ya matsa hagu sai ta ce ya je gaishe da baƙo.

In don ƙwallo kake so, je ka gidan kallo ka biya kuɗinka, ko ka tara ka sayi talabijin. In don iyali ne da dare, kana da fawabank, ka kuma yarda cewa abin da ke jikin kwali ka raba shi biyu, to zai yi maka shekara ɗaya ko biyu. Taurari biyu da rabi na ba shi cikin biyar, rabin nan kuma na Baba ne. Mai shago dai na biya shi tun ranar Litinin ɗin, da sassafe, kafin ya tafi kasuwa.