Shagon kayan kiɗan coci a Jos: tulu ya yi, littafi kam sai a hankali

Salama gare ku 'yan'uwa. Tun da muka dawo daga taron zumuntar mata wayata ba ta huta ba, kowa tambayarta ɗaya, a ina kuka samo tulunan nan? To bari in rubuta sau ɗaya kowa ta karanta, na gaji da maimaitawa a WhatsApp.

Shagon yana can wajen Taminus a Jos, ɗan ƙarami ne, in ba ki lura ba sai ki wuce shi. Mu uku muka je, ni da uwar zumunta da ma'ajiyarmu. Wani dattijo ne mai shagon, kuma abin da ya fara burge ni, bai yi saurin ce mana kawo kuɗi ba, sai da ya tambaya mata nawa ne ke waƙa, majami'ar babba ce ko ƙarama, akwai silin ko kwano ne zalla, wai kwano yana ƙara wa caki kaifi har ya danne muryar mai bayarwa. Uwar zumunta ta ce Baba ai ka fi mu sanin cocinmu, aka yi dariya.

Daga nan ya fito da tuluna uku, babba da matsakaici da ƙarami, ya ɗauko abin bugawa mai soso ya dinga buga bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya zuba ruwa kaɗan a na tsakiyan, nan take murya ta hau sama, ya rage ruwan ta sauko. Shekara nawa ina cikin zumunta amma ban taɓa tsayawa na gane cewa da ruwa ake saita tulu ba, mu dai bugawa kawai muke yi. Babban kam in aka buga shi har cikin ƙirji kike jinsa. An gasa yumɓun da kyau, ki ƙwanƙwasa ki ji, babu wannan ƙarar ta tsaga. Muka haɗa da caki huɗu da kuge ɗaya, da muka roƙa ya yi mana ragi, ba mai yawa ba dai.

Yaron shagon ne ya so ya ɓata min rai, sai tura mu yake wajen kibod, wai Mama yanzu an ci gaba, wa ke buga tukunya. Na ce ɗana ba ka san tarihin tukunyar nan ba. Kakata ta sha ba mu labari cewa a zamaninsu Turawan mishan ba sa yarda a shiga da ganga cikin sujada, suna ganin kayan tsafi ne. Turawan ƙungiyar mishan ta SIM sun iso Najeriya tun 1893, Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, cocin ECWA da ta fito daga aikinsu ta tsaya da ƙafarta a 1954, amma waƙoƙin da aka dinga rerawa fassara ce aka ɗora kan karin Ingila da Amurka. Ina son su fa, kar a ce na ce, da su aka binne iyayenmu, in aka kira lambar waƙa tun kafin a buɗe shafi tsofaffi sun fara. Sai dai Hausa tana da hawa da sauka da ja, karin Bature kuma bai san da wannan ba, sai ki ji an ja kalmar gari har ta koma garin tuwo, kowa kuma ya ci gaba da rerawa da fuska a ɗaure.

Mata ne suka shigo da tulun ruwa da caki, ɗaya ta bayar sauran su amsa, kamar yadda ake yi wajen daka ko a gona. Kakata ba ta taɓa shiga aji ba amma labarin Ayuba da na ɓataccen ɗa tana da su a ka tiryan-tiryan, duk daga waƙar zumunta ta kwashe. Kuma ku duba taronmu, ga Birom ga Bajju ga Angas ga Tangale, kowa da yarenta a gida, amma da an buga tulu an ɗaga waƙa da Hausa shi ke nan an zama ɗaya, har 'yan matan da ke latsa waya a baya sai sun tashi. Kibod kuwa da an ɗauke wuta ya yi shiru, sai a fara neman mai janareta.

Yanzu inda masu shagon suka gaza. Mun sayi littafin waƙoƙi guda goma saboda sabbin shiga, ashe ba bugun asali ba ne, kamar hoto aka ɗauka aka buga, rubutun dishi-dishi, Mama ɗaya ta ce ko da tabarau ba ta gani. Biyu a ciki akwai shafukan da babu sam, ranar Lahadi aka kira lamba, mata biyu suna ta juya takarda har aka kai baiti na uku. Na kira mai shagon, ya ba da haƙuri ya ce a dawo da su zai canza, to amma kuɗin mota zuwa Jos ya fi kuɗin littafin. Soson abin bugawa ma sati biyu ya ɓalle, gam kawai aka sa, sai da wani mai gyaran takalmi ya ɗinke mana shi.

Sannan ba sa naɗe kaya da kyau, kwali kawai suka ba mu. Da ba don ma'ajiya ta cire zanenta na biyu ta naɗe ƙaramin ba, da ramukan hanya sun gama da shi, babban kuwa a cinya na riƙe shi tun daga tasha har gida, ƙafata ta yi tsami.

In tulu ko caki kike nema je ki, ki tafi da tsofaffin zannuwa ko buhun ciyawa, ki kuma tambayi Baba da kansa ba yaron ba. Littafi kam ki zauna a bencin ƙofar shagon ki duba shafi-shafi kafin ki biya.